Mu Tsaya Kallon Tsuntsaye a Tabalak

Yau da ku nake magana, mutanen Arlit da Akokan. Garinku babu gulbi, babu tabki. Akwai yaran da aka haifa can, har yau ba su taɓa ganin zalɓe tsaye cikin ruwa ba.

In kun samu hutu za ku gida kudu, mota takan bi ta Agadas da Abalak, sannan Tabalak, kamar kilomita 50 kafin Tawa. Nan akwai babban tabki dab da hanya. Tun 2005 yana cikin wuraren ruwa da yarjejeniyar duniya ta Ramsar ke kiyayewa. Ku sauka da yara, ku kwana guda.

Lokacin ɗari ya fi. Da asuba ku ari keke, ku bi gefen garake. Inda rairayi ya yi yawa, sai turawa. In kun kusa ruwa, ku aje keken, ku zauna shiru. Za ku ga balbela, da zalɓe, da kirinjijiya mai fito. Waɗansu ƙanana masu dogayen ƙafafu daga Turai suka taso, suka ƙetare hamada. Su ma ƴan ci-rani ne! Shamuwa kam ba ta nan, sai damina.

Yaro ya bar danƙon harbi a gida. Kada kuma ya yi wanka cikin tabkin, saboda tsargiya.

Ku tafi da takarda da alƙalami. Kowane tsuntsu kuka gani, ku tambayi masunta sunansa, ku rubuta. Ku kawo ma malaminku ya duba.