Kwalekwale Goma Daga Ramingining

A shekarar 2006 aka fitar da fim ɗin Ten Canoes (Kwalekwale Goma) a Ostareliya, kuma 'yan wasansa suna magana ne da harsunan Yolngu, wato 'yan asalin yankin Arnhem Land. Rolf de Heer da Peter Djigirr ne suka ba da umarni.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne shirinsa. Haɗa kwalekwale da ɓawon itace ya kusa ɓacewa a garin Ramingining da ke yankin, sai mutanen garin suka koma ga hotunan da wani masani mai suna Donald Thomson ya ɗauka a shekarun 1930, suka farfaɗo da sana'ar kakanninsu. A ƙasar da hukuma ta daɗe a baya tana raba 'ya'yan 'yan asali da iyayensu, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Fim ɗin ya samu lambar yabo a bikin fina-finai na Cannes.