Rumbunan Kitse a Jikin 'Ya'yanmu



Mun saba, in muka ga yaro ya yi ɓul-ɓul, sai mu ce gidansu akwai wadata. A yau muna so mu leƙa ƙarƙashin fatar wannan yaro mu ga yadda kitse ke samuwa, domin sanin haka zai gyara yadda muke ciyar da iyalinmu.

Kitse ba a warwatse yake cikin jiki ba. Yana da ƙwayoyin halitta nasa na musamman, kamar yadda hatsi ke da rumbu, kuma mataki-mataki ake gina su. Da farko akwai ƙwayar asali, wadda za ta iya zama ƙashi ko guringuntsi ko kitse. Daga nan sai ta ɗauki hanyar kitse, amma tana nan siririya, babu ajiya a cikinta, tana iya rabuwa biyu ta hayayyafa. Idan sinadarai irin su insulin suka kawo mata saƙo, sai wani furotin mai suna PPAR-gamma ya fara aiki, wanda Bruce Spiegelman da abokan aikinsa a Amurka suka nuna a 1994 cewa shi ne jagoran wannan sauyi. Ƙwayar sai ta daina rabuwa, ta dunƙule, ta riƙa tara ɗigo-ɗigon mai har su haɗu su zama babban ɗigo guda da ya kusa cika ta. To, rumbu ya ginu.

A 2008, Kirsty Spalding da abokan aikinta a Cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin suka gano cewa yawan waɗannan ƙwayoyi yana ƙaruwa ne a ƙuruciya da samartaka, in mutum ya girma kuma adadin ya daidaita. Kowace shekara kimanin kashi 10 cikin 100 suna mutuwa, sababbi su maye gurbinsu. Babba in ya rame, ƙwayoyin tsukewa suke yi, adadinsu yana nan. Yaron da ya tashi da ƙiba ke nan zai shiga girma da rumbuna masu yawa, suna jiran a cika su. Idan kuwa suka cika suka batse, man yakan koma hanta da tsoka, jiki ya daina jin maganar insulin, ciwon suga ya sami ƙofa.

Jama'a, mu da muka tashi a gida da ƙafa muka je makaranta, muka ɗebo ruwa, muka yi noma. 'Ya'yanmu na birni kuwa a mota ake kai su, su dawo su zauna gaban talabijin da lemon kwalba da biskit. Ba muna cewa a hana yaro ƙoshi ba, domin jiki yana bukatar kitse, kuma tamowa ma cuta ce. Roƙonmu shi ne a rage zaƙi da soye-soye, a dawo da gero da wake da zogale da 'ya'yan itace, a bar yara su yi guje-guje kullum. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

 Allah Ya raya mana zuriya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.