Kwanan gona da damana: inda za a kafa bukka, da lokacin ƙetare gulbi

Ga jawabin da aka shirya domin a karanta a makarantun yaƙi da jahilci kafin shigar malka.

  

Maganar yau ta kwanan gona ce. Mutane sun ƙaru, gonakin bakin gari sun yi kaɗan. Shi ya sa manoma da yawa suke da gona nesa, tafiyar awa 2 ko 3 a ƙasa. Lokacin firi da maimai, zuwa da komowa kullum yana cinye rabin yini. Sai mai gida ya ɗauki ɗiyansa da jakinsa, ya je ya yi kwana 3 ko 4 can. Dabara ce mai kyau. Amma mai kwanan daji yakan ji tsoron maciji, ya ji tsoron ɓarawo, ya manta da ruwa.

A damanar shekarar 2024 ruwa ya kashe mutum fiye da 300 cikin ƙasar Nijar. Jihohin Maraɗi da Tawa da Damagaram su suka fi yin rashi. Waɗansu gini ya faɗa musu. Waɗansu kuwa ruwa ne ya tafi da su.

Abin da ya kamata kowa ya gane shi ne, ruwan da ke cin mutum ba lalle bisa kansa ya sauka ba. Ga misali Gulbin Maraɗi. Daga Najeriya yake fitowa. Yana biyowa ta Jibiya, ya shigo ƙasar Madarunfa, ya wuce Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, sannan ya sake komawa Najeriya. Ana iya yin ruwa mai yawa can ƙasar Katsina, nan kuwa rana tana haske, babu ko ɗigo. Manomi ya bi ta cikin rairayi da safe, ƙafarsa ba ta jiƙe ba. Da marece ya komo, ya tarar gulbi ya kawo.

A ƙasar Adar abin ya fi sauri. Wajen Buza da Keita da kwarin Majiya, ruwa yana sauka bisa dutse. Dutse ba ya shan ruwa. Duka sai ya gangaro cikin ƙorama gaba ɗaya, da ƙugi, yana turo duwatsu da itatuwa. Wanda ya yi shimfiɗa cikin rairayin ƙorama don laushi, in barci ya ɗauke shi, ba zai sami lokacin ɗaukar ko takalmi ba.

Saboda haka aikin farko, kafin a sauke kaya daga jaki, shi ne duba wuri. Ruwan bara yana barin shaida. A duba gindin itatuwa: inda aka ga tsohon kara da ciyawa da leda sun maƙale, to ruwa ya kai nan. A kafa bukka sama da wurin. Kada a kafa ta cikin fadama, ko da ƙasar ta yi kyaun gani. Kada a kafa ta bakin gaɓa, domin ruwa yana cin gaɓa ta ƙarƙashi har ta rufta. Kada kuma a hau can ƙolin tudu, inda iska da tsawa suka fi samun mutum. Gefen tudu shi ya fi.

Hadarin ƙasar nan yawanci daga gabas yake tasowa, iska da ƙura suna gaba, ruwa yana baya. Don haka ƙofar bukka ta dubi yamma. A zurfafa ramin dirkoki, a ɗaure jinka da igiya mai ƙarfi. Mai tamfol ko babbar leda ya sa ta ƙarƙashin ciyawa, in ba haka ba iskar farko za ta yage ta. A haƙa ƴar hanyar ruwa kewaye da bukka. A yi gadon kara, kada a kwana ƙasa. Ashana cikin gwangwani mai marfi, itacen wuta kuma a shigo da shi tun hadari bai haɗu ba. Wanda ya taɓa kwana da jiƙaƙƙen itace da yunwa ba ya bukatar a maimaita masa.

Yanzu maganar ƙetarewa. Wannan ba ta masu kwanan gona kaɗai ba ce. Ta shafi mata masu kai fura gona, da ƴan kasuwa, da yara masu kiwo. Su ne suke fita da safe da niyyar komowa kafin magariba, kuma wannan niyya ita ke sa mutum ya faɗa ruwa.

Wanda ya iso bakin gulbi ya tsaya ya duba. In ruwa ja ne, yana ɗauke da kumfa da kara da rassa, to yana cikin ƙaruwa. Ya kafa tsinke daidai bakin ruwa, ya zauna rabin awa. In ruwa ya rufe tsinken, babu maganar shiga. Ruwa mai gudu in ya kai gwiwa yana iya kada ƙato, balle mace mai goyo da kaya bisa kai. Sanin hanya ba ya taimako, domin ruwa yana kwashe rairayi. Inda aka taka da safe yana iya zama rami da marece.

Amalanke ya fi haɗari. Ruwa yana dukan gefensa ya kifar da shi, dabbar kuwa tana ɗaure, ba ta iya kuɓuta. Mota ma haka. Inda hanya ta bi ta cikin ƙorama, ruwa mai gudu da ya wuce kamu ɗaya yana iya ɗaga ƙaramar mota. In direba ya nace sai ya shiga, fasinja yana da ikon sauka. Kuɗin mota ba su kai rai ba. Ƙaramar ƙorama takan janye cikin ƴan awoyi. Babban gulbi yana iya yin kwanaki. Mutum ya nemi gari mafi kusa ya kwana, babu mai garin da zai kori baƙon da ruwa ya tare.

Sai tsawa. Haske ya fi ƙara sauri. In an ga walƙiya, a fara ƙirga a hankali har a ji cida. Kowane ƙirga 3 kamar kilomita 1 ne. In ba a kai 30 ba, hadari ya matso, a bar aiki. Kada a fake gindin itace guda da ke tsaye shi kaɗai cikin gona. Gawo ma, da yake zubar da ganye da damana, ba ya tare ko yayyafi, tsawonsa kaɗai ya rage. Kada a saɓa hauya mai doguwar ƙota a yi ta gudu cikin fili. A ajiye ta. In jama'a suna da yawa su rarrabu, kada su dunƙule wuri ɗaya da dabbobi.

Sauron zazzaɓi da dare yake cizo, don haka sange yana cikin kayan tafiya, kamar tukunya. Ƙananan yara gara a bar su gida, kada masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na wata-wata su zo ba su nan. Kurkunu dai an rabu da shi, tun 2013 aka tabbatar babu shi a Nijar. Amma ruwan tafki yana nan da zawo ga mai sha, da tsargiya ga mai wanka. A tafasa na sha. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A kwantar da shi, a ɗauke shi zuwa gidan likita.

Kafin a fita, a saurari labarin hasashen ruwa a rediyo. A faɗa wa mutanen gida wace gona za a je, da ranar komowa. A kuma gaya musu tun da wuri: in ranar ta zo gulbi ya kawo, kada kowa ya zuba ido, kada kuma a aiko yaro da abinci. Mai salula ya naɗe ta cikin leda, ya kashe ta da rana, domin ta yi aiki ranar da ake bukatarta.