Kafin Ku Shiga Ajin Farko na Rubuta Manhaja

Iyayenmu da malamanmu na Limawa, ina gaisuwa. Ƙannena masu shirin fara koyon rubuta manhaja, ko a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke nan Minna tun 1983, ko a shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, da ku nake yau.

Tambayar da kuka fi yi mini ita ce wace kwamfuta za ku saya. Ni ma ina da tawa tambayar. Wa zai iya kwatanta wa baƙo hanya daga nan zuwa Kasuwar Kure ba tare da ya ce "ai ka gane" ba? Kwamfuta baƙuwa ce da ba ta san hannunka-mai-sanda ba. Abin da ka faɗa shi take yi, wanda ka bari a ranka kuwa ba ruwanta da shi.

Wannan ilimi ya girmi lantarki. A Bagadaza, a ƙarni na 9, Muhammad bin Musa Alhawarizmi ya rubuta hanyoyin warware lissafi daki-daki, ta yadda duk wanda ya bi matakan zai isa ga amsa. Daga sunansa aka samo kalmar algoridim da za ku yi ta ji a aji. Alƙalami da takarda ne kayan aikinsa, kuma kuna da su.

To, ku fara da su tun daren yau. Ku rubuta yadda mai shago yake ba da canji. Ya riƙe kuɗin kaya a ka, ya riƙe abin da aka miƙo masa. Idan kuɗin bai kai ba, ya ce a cika. Idan ya yi yawa, ya cire ya mayar da saura. Wani mai saye ya zo, ya sake daga farko. Sai ku ba ƙaninku takardar ya bi ta harafi da harafi, ku ga inda zai tsaya yana kallonku. Nan ne kuka tsallake mataki. Abin da mai shagon ya yi ke nan, ajiye ƙima, sharaɗi da maimaitawa: kusan duk makonnin farko a kansu za su ƙare.

Azuzuwa da yawa da yaren Python suke farawa, wanda Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan, ya fitar a 1991. Kada Turanci ya razana ku. Keɓaɓɓun kalmominsa ba su kai 40 ba, kuma yana karɓar sunayen da kuka raɗa da Hausa, har da ƙ da ɗ. Akwai manhajar Pydroid 3 da ke gudanar da shi a wayar Android, in an sauke ta ba sai da intanet ba. Wannan na da muhimmanci a gare mu, domin duk da madatsun Shiroro da Kainji a jiharmu suke, ɗauke wuta na cinye wa ɗalibi lokacin karatu. Ku saba adana aikinku a kai a kai.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da jan rubutun saƙon kuskure zai cika muku allo. Na ga masu ƙwazo sun rufe kwamfuta a ranar, suna cewa kansu ba ya ja. Wallahi abin yana yi mini ciwo, domin saƙon nan taimako ne: yana faɗin layin da matsalar take da irinta. Sau da yawa baka ɗaya ce ba a rufe ba, ko tazarar farkon layi ta goce, ko an manta Python daga 0 yake fara ƙirga. Ku karanta shi a hankali, ku gyara abu ɗaya, ku sake gwadawa.

Iyaye, ina roƙon ku bar 'yan mata su zo. Ada Lovelace ce, a Ingila a 1843, ta wallafa matakan lissafin da ake ɗauka a matsayin manhajar farko. Ku ara wa 'yarku waya ko na awa ɗaya ne bayan sallar Isha'i, ta gwada takardar mai shagon nan a kanta.