Faɗuwar Tsofaffi Da Yara: Jawabi Ga Matasan Minanata



Mun taru yau a Minanata domin mu tattauna wani haɗari da yake kwana tare da mu cikin gidajenmu, wato faɗuwar tsofaffi da ƙananan yara. Idan tsoho ya zame a makewayi, ko yaro ya faɗo daga bisa mangwaro, mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara, amma gansakukar da ta yi wata uku a makewayi ba a kankare ta ba, sakacinmu ne ya bar ta.

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kimanin mutum 684,000 ne suke rasuwa kowace shekara ta dalilin faɗuwa. Fiye da kashi 80 cikin ɗari daga ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa.

Mu dubi kakanninmu. Ƙashi ya yi rauni, yana ta rufe ido, jiri kuma yana kwasar wanda ya miƙe da sauri, balle mai shan maganin hawan jini, balle cikin bazarar Sakkwato da zafi kan wuce digiri 40. A haka tsoho zai fito da asuba cikin duhu, da buta a hannu, ya taka santsi. In ƙugu ya karye, kwanciya ce ta watanni, wadda takan jawo gyambo da ciwon huhu.

Su kuwa yara, rijiya marar murfi da bene marar makari suna jiransu, kuma mukan ɗora wa yarinya 'yar shekara shida goyon da ya fi ƙarfinta.

To, jama'a, aikin namu ne, kuma ba mai tsada ba ne. Mu kankare makewayi, mu kafa abin dafawa a bangonsa, mu cike ramukan tsakar gida, mu ajiye tocila a gefen shimfiɗar tsoho, mu kai shi a duba idonsa. Mu rufe rijiya, mu yi wa bene makari.

In kuwa an riga an faɗi, yaro yana amai, ko barci yana rinjayarsa, ko jini yana fita ta kunne, a garzaya da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru. A yi hattara da ɗorin da aka ɗaure tamau, domin yana tsayar da gudun jini har a kai ga yanke hannu.

Ilmin da muke nema, in bai kare kakarmu tsakanin ɗaki da makewayi ba, bai iso gida ba tukuna. Kowannenmu ya zagaya gidansu yau kafin magariba. Allah ya kiyaye mu baki ɗaya. Wassalam.