Gida Ko Makaranta? Darasin Da Annobar Korona Ta Bar Mana

Ina godiya ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta ba ni wannan dama in tofa albarkacin bakina a kan wata tambaya da ta taɓa hana iyaye barci, watau idan annoba ta sauka, a tsare yaro a gida a koya masa karatu, ko kuwa a bar shi ya tafi makaranta?

Bari mu fara da tuna baya, domin waiwaye adon tafiya ne. Ran 27 ga Fabrairu, 2020, aka sami mutum na farko mai cutar korona a Ikko. Kafin watan Maris ya ƙare Gwamnatin Tarayya ta ba da umurni a rufe makarantu duka. Jarrabawar WAEC ba a fara ta ba sai ran 17 ga Agusta, yawancin yara kuwa ba su koma aji ba sai wajen Oktoba. Mu 'yan jami'a namu ya fi muni, don yajin aikin malamai ya haɗu da annobar, aka yi wata tara ana zaune. A Yuganda ma sai da aka kusa shekara biyu, ba a buɗe makarantu gaba ɗaya ba sai Janairun 2022.

Masu cewa a zauna gida suna da hujja, kada mu raina ta. Rai ya fi karatu, kuma rigakafi ya fi magani. Ko da yake cutar ba ta cika kayar da yara ba, yaro yana iya kwaso ta a aji ya kai wa kakarsa. Ajin da aka cusa yara kamar ashana a kwali, babu famfo babu sabulu, ina za a sami tazarar da likitoci suka ce a bayar?

Har wa yau, karatu a gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A zaure malamanmu suka daɗe suna ba da ilmi. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, ta riƙa tura jajis ƙauyuka suna koyar da mata a gidajensu. Amma ku lura, jama'a, abin da Nana ta yi shi ne aika malama zuwa gida. Ba ta ce kowane gida ya ji da kansa ba.

To, a nan gizo ke saƙar. Da aka ce a koma karatu ta intanet da talabijin da rediyo, wa ya amfana? Ɗan babban ma'aikaci, wanda ubansa ke da kwamfuta da injin wuta da kuɗin ɗaukar malami, bai yi asarar kome ba. Ɗan manomi fa, wanda iyayensa ba su yi boko ba, rediyon gidan ɗaya ne kuma yana aljihun maigida? Shi gona ya koma, ƙanwarsa ta ɗauki farantin talla. Tun kafin annobar, UNICEF ta ƙiyasta yara miliyan 10.5 ne ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa. Yarinyar da aka sha fama kafin ubanta ya yarda ta shiga aji, in ta yi wata shida a gida, ba lalle ne ta komo ba.

Saboda haka nake cewa wannan zaɓi na masu hali ne. Talaka ba shi da gida ko makaranta, abin da ke gabansa makaranta ne ko babu. Ra'ayina shi ne, makaranta ita ce za a rufe daga ƙarshe, a kuma buɗe ta da farko. In tilas ta sa an rufe, a faɗi wa'adi, kada a bar iyaye cikin duhu.

Yawancinmu nan gobe mu ne a ofisoshin ilmi da na lafiya, takardar rufe makaranta ta teburinmu za ta bi. Ina roƙonmu abu uku. Na ɗaya, a sa ruwa da sabulu a kowace makaranta tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu, a shirya raba aji gida biyu, wasu da safe wasu da yamma, don a rage cunkoso. Na uku, a tanadi darussan rediyo cikin harshen da yara ke ji, tare da takardun aiki, sa'an nan kowane ɗayanmu ya ɗauki yara biyar ko shida na unguwarsu ya bi da su darasin a fili mai iska.

A watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama abin gaggawa na duniya. Amma annoba ba ta yi mana alkawarin ba za ta komo ba. Allah ya kiyaye mu, ya kuma sa in ta zo ta tarar mun shirya.