Saƙon Turaka da Saƙon Zaure



Da wuya a sami wanda bai taɓa ganin mai maƙoƙo ba a cikinmu. Abin da ke kumburan nan wata 'yar tsoka ce a wuya da likitoci ke kira tairoyid. Aikinta ta tsamo aidin daga jini, ta ƙera sinadarai biyu, T4 da T3, ta aika da su ko'ina a jiki. A 1912 wani masani, Gudernatsch, ya ciyar da talibambam naman tairoyid, sai suka rikiɗa suka zama kwaɗi tun lokaci bai yi ba, 'yan mitsi-mitsi. Watau sinadarin ya gaggauta balaga, bai ƙara girma ba.

To, ta ina saƙon ke shiga? Ku ɗauki ƙwayar halitta tamkar gida mai katanga. T3 baƙo ne da ake kaiwa har turaka, watau cibiyar ƙwayar, inda makarɓinsa ke zaune a kan DNA, yana buɗe wasu umurnai yana rufe wasu. Sinadaran girma kuwa, irin su EGF, a zaure suke tsayawa su yi sallama. Makarɓinsu na jikin katanga shi ke miƙa saƙon ciki, daga hannu zuwa hannu, cewa ƙwaya ta rabu biyu.

Kaza ce ta tona dangantakarsu. Akwai wani bairas mai sa kaji sankarar jini, wanda ke ɗauke da umurnan gado biyu da ya sato daga jikin kazar, erbA da erbB. A 1984 aka gano a Landan cewa erbB guntulallen makarɓin EGF ne, mai ta shelar an yi sallama alhali zaure ba kowa. A 1986 kuma masana a Kalifoniya da Haidelbag suka nuna cewa asalin erbA makarɓin tairoyid ne, sai dai na bairas ɗin ya kurumce, ba ya karɓar T3, ya danne umurnan balaga ya ƙi ɗagawa. Ɗaya na cewa a yi ta haihuwa, ɗaya na hana 'ya'yan balaga, sai jinin kazar ya cika da ɗanyun ƙwayoyi marasa amfani. Ni dai ban san ɓarawon da ya fi wannan iya zaɓen kaya ba.

A 2005 aka ƙara gano cewa T4 ma yana da mazauni a jikin katanga, wani furotin mai suna integirin, kuma daga nan yakan ta da hanyar MAPK, wadda EGF ke bi. Shi ya sa masu binciken sankara suka sa masa ido. Amma kada mai shan maganin tairoyid ya ji wannan ya ajiye maganinsa. Haɗarin da aka tabbatar yana wajen rashin sinadarin ne, musamman ga mai juna biyu, domin ƙwaƙwalwar jaririnta ba ta ginuwa daidai sai da shi. Saboda haka ne Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci a 1993.